Yammacin da Sahabi Ya Sunkuyar da Kai a Kan Rumfa

Kukan jikata ne ya tayar mini da wannan tunani. Tun da ƙafa ta gaji da yawo nake zaune a gidan ɗana a nan Gwandu, kuma kusan kullum da la'asar sai na ji wannan kuka. Yarinya ta dawo makaranta da jakar da ta kusa rinjayarta, ta zube a tsakar gida, wai an ba su asamen. Rannan na zuba ido na ga yadda ake yi. Uwarta ta karɓi littafin, ta latsa waya, tana faɗa yarinya na rubutawa. Da yarinya ta fara gyangyaɗi sai uwar ta ƙarasa da hannun hagu, don rubutun ya yi kama da na yara. Washegari aka dawo da jan maki har da tauraro. Na ce, "Ke amarya, kawo in ga abin da uwarki ta ci." Ta murguɗa baki ta ce, "Kai dai tsoho, hassada kake yi, ni na ci abina." Daga nan ta shiga ba ni labarin wata 'yar ajinsu mai tallar ƙosai bayan an tashi, wadda kullum da safe sai an sa ta durƙusa a rana. Tana faɗa tana dariya. "Ba ta yin asamen, Kaka. Malama ta ce ƙwaƙwalwar kifi gare ta." Ban yi dariya ba. Na tuna da wana Sahabi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kalgo, a bakin fadama, inda ruwa kan cika ya malale har gindin gidaje. Abin da kunnena ya fi riƙewa daga wancan zamani shi ne ƙarar gwangwani. Idan shinkafa ta fitar da kai, ƙwayarta na da ɗan ruwa fari kamar nono, tsuntsayen jan-baki sukan zo. Ba a ganinsu ɗaya-ɗaya. Kamar hayaƙi suke tasowa daga yamma, su lanƙwasa, su sauka, kuma inda suka sauka an gama. Don haka kowace gona da rumfarta, an kafa ta bisa dogayen sanduna a cikin ruwa, an ja igiyoyi daga rumfar zuwa kowane gefe, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Yaro ya hau ya zauna, hannu ɗaya kan igiya, ɗaya riƙe da majajjawa, ido a sama. Tun daga azahar har faɗuwar rana fadama ba ta yin shiru: kacau-kacau daga nan, ihu daga can, wani ya ɗauko waƙar zagin tsuntsaye wani ya amsa masa daga nesa. Da safe manya ke tsaro. Da yamma, su tafi wasu ayyukan su bar wa yara. Innarmu takan ce wa duk wanda zai hau rumfa, "Ko kunama ta harbe ka, ka yi kukanka kana kallon sama." Ba wasa take yi ba. Tuwon shekara ne a shimfiɗe a wajen, ba ƙofa ba kwaɗo.

Sahabi ya girme ni da kaɗan, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi aka rubuta lokacin da aka zo ɗaukar yara makarantar boko. Ni kuwa na bi shi ina kuka, aka ce in ɗora hannu bisa kai in taɓo kunne, na taɓo da ƙyar, shi ke nan aka haɗa mu aji ɗaya. Ban taɓa ganin kai irin nasa wajen lissafi ba, kuma na zauna da masu lissafi a ƙasashe da yawa. Malam na cikin rubuta tambaya a allo, leɓen Sahabi ya riga ya motsa da amsa. Ni sai na yi ta zana 'yan sanduna ina ƙirgawa.

A shekarar da za a zaɓi waɗanda za su rubuta jarrabawar wucewa babbar firamare a Gwandu, aka kawo mana sabon malami. Malam Mai Keke muke ce masa a bayan idonsa. Dogo ne, mai tsabta, takalminsa kullum na ƙyalli. Ba zan ce mugu ne da gangan ba, kuma wannan shi ya fi damuna da na girma. Ya yarda da abin da yake yi har zuciyarsa. Shi ya fara ba mu aiki mu tafi da shi gida kullum, doguwar rabawa shafi guda, a rubuta da tawada, a nuna yadda aka bi aka samu amsa. Yakan ce, "Wanda bai maimaita a gida ba, bai koya ba." Shi a gidan da ya tashi akwai fitilar ƙwai da tebur, kuma ba a taɓa tura shi korar tsuntsu ba. Idan ya ce gida, irin wannan gidan yake gani. Namu gidan kuwa, daga asuba makarantar allo, daga nan boko, a dawo a haɗiyi abin da ya samu a wuce fadama. In rana ta faɗi a ɗauro ciyawar dabbobi a dawo da ita a ka. Aci-bal-bal ɗaya ce a gidan, tana wajen Inna, da ta kwashe tuwo ta hure ta. Sau da yawa Sahabi da loma a hannu barci ke ɗaukarsa.

Ni abin da ya cece ni tsutsa ce. A wannan shekarar kurkunu ya fito mini a idon sawu. Yaran yanzu ba su san shi ba, alhamdu lillahi. Ƙafa ta kumbura, ta yi ƙurji mai zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, sai farar tsutsa ta leƙo kamar zare. Ba a jan ta da ƙarfi, in ta tsinke a ciki an shiga uku. A tsinke ake naɗe ta, kullum kaɗan, har ta ƙare. Mai kurkunu ba ya shiga ruwa, ba ya hawa rumfa. Saboda haka duk yamma ina kwance a inuwar zaure, ƙafa bisa turmi, da littafi da kwalbar tawada, ba abin da zan yi sai aikin Malam. Na yi shi don ba ni da wani abin yi. Da safe Sahabi ya goya ni zuwa makaranta. A hanya in karanta masa abin da na samu, kafin mu wuce tsamiyar bakin gari ya ce, "Na biyun nan ka ɓata, ka manta ka sauko da bakwai." Kullum kuma gaskiyarsa ne. Amma ba amsa Malam yake so ba, shafi yake so, kuma in ya ga aikin 'yan gida ɗaya ya yi kama, duka biyun yake zanewa. Haka muka yi ta tafiya: ni a bayan Sahabi da jan maki, shi da tsumagiya kowace safiya.

Wata rana Malam ya tsayar da shi a gaban aji ya ce, "Kai Sahabi, na gaji da bugunka. Gobe in ka zo hannu wofi, ba ni kai ka jarrabawa. Ka zauna nan ka ruɓe cikin laka." Duk ajin an san abin da Gwandu take nufi ga Sahabi. Shi kaɗai ne a cikinmu yake tambayar masu zuwa kasuwa yadda makarantar take, ko gaskiya ne akwai ɗaki guda cike da littattafai. Da aka tashi ya goya ni muka kama hanyar gida. Da ya sauke ni a zaure, sai na ga ya zura littafinsa cikin riga, ya tsiyayi tawadata a wata 'yar kwalba ya toshe bakinta da tsumma. Na ce, "Sahabi, Baba fa?" Ya ce, "Yanzu-yanzu zan gama. Kai dai yi shiru."

Abin da ya faru a fadama daga bakin yaran maƙwabtan rumfarmu na ji shi. Sun ce ya hau, ya ɗaura igiya a babban yatsan ƙafarsa, yana ja yana rubutu. Da farko abin ya yi. Amma wanda ya san Sahabi ya san in ya shiga lissafi ko ganga aka buga ba ya ji. Ƙafa ta daina motsi. Gonarmu kaɗai ta yi shiru a duk fadamar, kuma tsuntsu ya san shiru. Suka ce sun ga baƙin ya taso ya karkato, suka yi ta ƙwala masa kira, "Sahabi! Sahabi, sama!" amma ba mai iya barin tasa rumfar ya zo, kuma iska na kaɗa muryarsu baya. Lokacin da ya ɗaga kai ya gama shafinsa tsaf, har ya ja layi a ƙasa. Gefen gonar na gabas, inda shinkafar ta fi kyau, ya koma zangarniya tsaye ba nauyi, sai ƙaiƙayi na yawo bisa ruwa.

Baba ya iso kafin rana ta faɗi. An ce ya daɗe tsaye cikin ruwa yana murza zangarniya ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe tafin hannu yana dubawa. Sannan ya ce, "Sauko." Ya ga tawada a yatsunsa, ya ga littafin. Ya karɓa ya wurga shi tsakiyar ruwa. Ya kwance igiyar gwangwani, jiƙaƙƙiya, ya ninka ta. Har gida aka riƙa jin ƙarar gwangwanayen da ba a tsaya cirewa ba. Babanmu ba mai duka ba ne, kafin ranar ban taɓa ganin ya ɗaga wa ɗayanmu hannu ba. Amma ya ga abin da mu ba mu gani ba tukuna. Mun gan shi daga baya, da bazara, lokacin da Inna ta fara haɗa mana tuwo da bado, ƙanwarmu kuma ta rame har idonta ya yi zuru-zuru.

Da safe na ɗauka ba za mu je ba. Sai ga Sahabi ya durƙusa a gabana ya ce, "Hau." Na ce ya bari in rarrafa. Ya ce, "Hau mana, za mu makara. Ka riƙe wuya, kada ka jingina." Ba yadda za a yi goyo ba jingina. Ina jin rigarsa ta manne da baya, ina jin yana jan numfashi ta haƙori duk taku. Ya yarda cewa in ya faɗa wa Malam gaskiya za a saurare shi, tunda dai ya yi aikin.

Malam ya bi layi yana karɓar littattafai har ya iso kansa.

"Ina aikin da anka ba ka?"

"Na yi shi, Malam. Shina cikin ruwa."

Aji ya fashe da dariya. Malam ya jira suka lafa.

"Cikin ruwa. Kifi ka kai ma ya duba maka?"

"Wallahi na yi shi duka. Ga tawada." Ya miƙa yatsunsa.

"Tawada a hannu na ce ka kawo mini?"

"In kana so in faɗi amsoshin yanzu, Malam, duk suna kaina."

"Rufe mini baki." Ya juyo wajena. "Kai gurgu, taso." Na taso da ɗingishi, ya ɗaga littafina sama yadda kowa zai gani. "Ku duba nan. Uwa ɗaya, uba ɗaya, tukunya ɗaya. Wanga da ƙafa guda ya yi nashi. Wancan da ƙafa biyu, kifi ya cinye. To mi ya rage, in ba lalaci ba?"

Ya sa manyan aji suka riƙe Sahabi, ya ce a cire rigar. Rigar ta ƙi fita sai da aka fizge ta. Wata yarinya har ta rufe ido. Malam ya tsaya yana kallon bayan nan, ni kuma na ce a raina shi ke nan, yanzu zai tambaya. Ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda aka kawo wa shaida, ya ce, "Ashe ko gida an san halinka." Ya ɗaga tsumagiya ya sauke ta a kan sawun igiyar.

Sahabi bai yi kuka ba. Da aka sake shi ya ɗauki rigarsa a hannu, ya koma wurinsa ya zauna a miƙe ba jingina har aka tashi. Ya goya ni gida. Washegari ma ya goya ni, amma da muka iso dangar makaranta ya sauke ni, ya juya ya nufi fadama. Haka ya riƙa yi kowace safiya har tsutsar ta ƙare fita na fara takawa. Ba wanda ya zo gidanmu tambayar inda yake. Baba ma bai ce ya koma ba. Ni aka kai jarrabawa, ni na tafi Gwandu, na ga ɗakin nan mai littattafai, wanda ashe kabad ɗaya ne.

Daga nan hanya ta buɗe mini. Aikin duba lafiyar dabbobi ya kai ni wurare, fatauci ya ƙarasa kai ni sauran. Na ji Zabarmanci da Faransanci a Nijar, na zauna Kumasi, na yi shekaru a Sudan da Makka har Larabci ya zauna a bakina, Fulatanci kuwa da shi muka tashi. Duk garin da na sauka, ban san dalili ba, sai na sami kaina ina leƙen abin da yara ke yi bayan an tashi makaranta. A Yamai na ga suna zaune gindin fitilun titi da littattafai, na ce to, waɗannan gwamnati ta ara musu haske. A Kumasi na ga 'yar mai gidanmu tana rubutu bisa tebur, yarinyar da ke musu aiki, ajinsu ɗaya, tana wanke-wanke tana leƙowa. Ko'ina labarin ɗaya ne: malam ya aika aiki gida, ya dawo masa, ya duba, yana zaton yaro yake aunawa, alhali gidan ya auna. Ya auna wa ke da fitila, wa ke da uwa mai karatu, wa ke da gonar da tsuntsu zai ci. Wuri ɗaya na ga an yi abin da ya kwanta mini, a wani ƙaramin gari a Sudan. Malamin, wani tsoho, in an tashi ba ya sallamar yara nan take. Sai a zauna ƙarƙashin bishiya kowa ya yi maimaicinsa, shi yana zagayawa, ya tsaya kan wannan ya gyara masa, ya wuce. Na tambaye shi me ya sa ba ya ba su su kai gida. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce shi bai san abin da ke jiransu a gida ba.

Ban ƙi maimaici ba. Karatu ba ya zama sai an bi ta kansa an sake bi. Amma mu da muka yi makarantar allo mun san a gaban malam ake biyawa, yana jin inda harshe ya karkace ya tare shi tun bai saba ba. Maƙeri ma ba ya ba ɗan koyo ƙarfe ya ce je ka gida ka ƙero lauje, gobe in ya karkace in buge ka. A gefensa yake zaunar da shi. Yaron da ya fahimta a aji, aikin gida bai ƙara masa abu mai yawa ba. Wanda bai fahimta ba kuwa, an tura shi ya yi ta maimaita kuskurensa shi kaɗai, ko uwarsa ta yi masa da hannun hagu. Da a ce Malam Mai Keke ya tsayar da mu ɗan lokaci kafin a tashi, ya ce kowa ya yi shafinsa a nan, da Sahabi ya riga kowa ajiye alƙalami, ya isa rumfarsa kafin tsuntsu ya taso.

Na sake haɗuwa da Malam sau ɗaya, ya tsufa sosai, a wajen wani ɗaurin aure a nan Gwandu. Ya gane ni, ya riƙe hannuna yana nuna wa mutane. "Wanga nawa ne. Bulalata ta kai shi har ƙasar Larabawa." Ni kuwa da wuya in ya taɓa buguna. Can ya ce, "Ba kai ne kake da wa ba, wani malalaci haka?" Na ce yana nan, yana noma. Ya ce, "Ai na faɗi tun lokacin." Aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa.

Sahabi yana nan da ransa a ƙauyenmu. Idonsa ya yi rauni, amma har yau in ana rabon amfanin gona shi ake kira. In mutane suka yabe ni a gabansa yakan ce, "Ku bar ganinsa haka, tsutsa ta kai shi Makka. Ni Allah bai ba ni ba." A yi dariya, shi ma ya yi. Bai taɓa sa ɗansa ko ɗaya a boko ba, maza da mata, su ma kuma yawancinsu ba su sa nasu ba.

Bayan labarin mai tallar ƙosai na kasa zama, na sa aka kai ni Kalgo. Fadama ta canza. Injin ban-ruwa ke ruri inda da ake jin waƙa, ana shinkafa har da rani, an rataya ledoji masu ƙyalli a igiya tare da gwangwanaye. Amma jan-baki na nan, rumfuna ma na nan. Na iske Sahabi zaune a kan tudu, wani jikansa kuma a bisa rumfa, ɗan siriri mai kaifin ido. An gaya mini yaron shi ne kakansa sak wajen lissafi. Muka gaisa, muka taɓa hirar ƙafa da ta ido. Sannan na ce, "Yaya, ka ba ni yaron nan in tafi da shi. Ko kuwa a sa shi a makarantar nan garin, ni zan tsaya masa."

Ya karkata kai. Yana sauraron gwangwanayen.

"Har yanzu suna ba su aiki su zo da shi gida?"

Na so in yi masa ƙarya. Na ce, "Suna ba su."

"In bai yi ba fa?"

Na sunkuyar da kai.

"To, a bar shi," in ji Sahabi. Ya juya fuskarsa wajen rumfar ya ɗaga murya. "Kai! Na ji igiyarka ta yi shiru. Ido a sama!"